Murhun Gas: Kunnawa, Aiki Da Shi, Da Kula Da Shi

Cikin rangadin da muka yi wa ƙungiyoyin gama kai bayan kaka, mun lura da wani sabon abu. Gidajen da a da ba a ganin kome a madafarsu sai duwatsu uku da tarin itace, yanzu akan tarar da 'yar tukunyar gas a gefe. Waɗansu ƙungiyoyi kuma sun haɗa kuɗi sun sayi murhun gashi mai aiki da gas, domin su riƙa gasa kajin da suke kiwo su sayar ran kasuwa, ko su gasa nama ran biki. Mun yi murna da ganin haka. Itace ya yi nisa, mata da yara suna kashe rabin yini wajen nemansa, gawayi kuma yana cinye itatuwan da ke riƙe ƙasar gonakinmu. Hayaƙi ma ba ƙaramin abokin gaba ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 3.2 ne suka mutu saboda gurɓatacciyar iska ta cikin gida, wadda hayaƙin girki ne babban tushenta.

Amma abin da muka tarar a wani ƙauye shi ya sa muka ga lalle ne mu yi wannan bayani. Wata uwargida ta murɗa makunnin murhu, sai ta ga babu ashana kusa. Ta bar shi a buɗe, ta shiga ɗaki nema. Da ta dawo ta ƙyasta, sai wuta ta tashi gaba ɗaya, ta lashe mata gira da gefen ɗankwali, ta ƙona bayan hannunta. Abin da ya cece ta, madafar rumfa ce, iska na shiga ta ko'ina. Muka tambaye ta wa ya koya mata kunnawa. Ta ce ba kowa. Maigida ne ya sayo tukunyar a gari, mai shago ya karɓi kuɗinsa ya ce a sauka lafiya.

Wutar itace mun san halinta tun muna yara, gama muna ganinta, muna ganin hayaƙinta. Gas ba a ganinsa. Mafi yawan hatsarinsa yana zuwa ne daga gas ɗin da ya fita bai sami wuta ba, ya taru a wuri ɗaya yana jira. Duk abin da za mu faɗa a ƙasa, manufarsa ɗaya ce, watau kada gas ya fita daga tukunya sai in wuta tana jiransa a kan murhu.

Abin da ke cikin tukunya

In ka girgiza tukunyar gas za ka ji abu yana motsi kamar ruwa. Gas ne aka matse shi da ƙarfi har ya zama ruwa. Iri biyu ne ake gaurayawa, butan da furofan, ana samunsu daga rijiyoyin gas da matatun mai. Da an buɗe masa hanya, sai ruwan ya koma iska ya fito. Akwai halaye huɗu nasa da ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya riƙe.

Na ɗaya, yana kumbura ƙwarai. Lita ɗaya ta ruwan gas takan zama wajen lita 250 ta iska. Watau 'yar yoyo kaɗan tana iya cika ɗaki.

Na biyu, ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, wajen ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu. Hayaƙi sama yake tashi ya fita ta jinka, amma gas ƙasa yake kwanciya. Yana malala kamar ruwa, ya bi gangare, ya shiga rami, ko kwata, ko ƙarƙashin gado, ya zauna.

Na uku, ba ya bukatar yawa kafin ya kama. In ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa. A ɗauki madafa mai tsawon mita 3, faɗin mita 3, tsayi mita 2 da rabi. Kilo ɗaya na gas in ya tsiyaye cikinta a rufe, ya kai wannan ma'auni. Da yake kuma ƙasa yake taruwa, abin da bai kai kilo ba ma ya isa ya kama a wajen ƙafafunmu.

Na huɗu, shi kansa ba shi da wari. Warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da muke ji, da gangan ake zuba masa wani magani domin hanci ya gane. Wannan al'ada ta samo ƙarfi ne daga wani babban rashi. Ran 18 ga Maris 1937, gas marar wari ya taru ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Texas a Amurka, ya fashe, kusan mutum 300 suka mutu, yawancinsu 'yan makaranta. Bayan haka jihar ta kafa doka a riƙa sa wa gas wari, ƙasashe kuma suka bi. Saboda haka wanda ya ji warin gas ya ce ai haka yake yi, ya yi watsi da mai gadin da aka ba shi.

Sayen kaya

Araha ba ta ado. Tukunyar gas tana zuwa girma dabam dabam: kilo 3, kilo 5, kilo 6, kilo 12.5, kilo 25, da kilo 50. Ƙananan akan ɗaura musu kan murhu kai tsaye a bisa. Manyan kuwa sai da regileta, watau abin da ake sawa a bakin tukunya ya rage ƙarfin gas, da tiyo mai kai gas zuwa murhu.

Kafin ka biya kuɗi, duba wuyan tukunya ko gindinta. Za ka ga an buga shekarar da aka ƙera ta, da nauyinta in babu kome a ciki. Hukumar kula da ingancin kaya ta Nijeriya, SON, ta ce a riƙa gwada tukunya kowace shekara 5, kada kuma a yi aiki da ita fiye da shekara 15. Ka juya ta ka ga gindin, domin nan tsatsa take fara ci. Tukunyar da ta lotsa, ko aka yi mata walda, ko aka shafe ta da sabon fenti har rubutun ya ɓace, ka bar wa mai ita ko da kyauta ce.

Tiyo kuma sai wanda aka yi domin gas. Tiyon ban ruwa na lambu da tiyon fetur na babur ba su yi ba, gama gas yana cinsu su tsattsage. A ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe mai kusa, ba da waya ko tsumma ko robar taya ba. Kada tsawonsa ya wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kada kuma a haɗa guntaye biyu.

Cikawa da ɗauka

Ba a cika tukunya maƙil. Akan bar wajen kashi ɗaya cikin biyar babu ruwa, domin ruwan gas yana kumbura in ya ji zafi, kuma dole ya sami wurin da zai kumbura. Wanda ya roƙi mai gas ya ƙara masa gyara kamar yadda ake yi a wurin mai awo, bala'i yake roƙo. Tukunyar da aka cika ta wuce kima, in ta sha zafin bazara, tana iya fesar da gas ko ta tsage.

Ga hanya mai sauƙi ta sanin gaskiya. Kowace ƙungiya tana da sikelin auna hatsi. A ce tukunyarka ta kilo 12.5 ce, an kuma rubuta a jikinta cewa nauyinta babu kome kilo 14 ne. In an cika ta daidai, sikeli zai nuna kilo 26.5. In ya gaza, an rage maka. In ya wuce, ka mayar a rage. Da wannan awo kuma za ka san abin da ya saura cikin tukunya, ba sai ya ƙare maka tsakiyar tuwo ba.

A cika a wurin da hukuma ta yarda, inda ake da sikeli da kayan kashe gobara, a fili. A guji shagunan cikin lungu inda ake juye gas daga wata tukunya zuwa wata tsakanin jama'a. Ran 4 ga Janairu 2020 wani shagon gas ya fashe a Sabon Tasha cikin Kaduna, mutane suka mutu, har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wajen kawowa gida, tukunya ta zauna a tsaye, a ɗaure ta sosai a babur ko a mota. Kada a mirgina ta a ƙasa, kada a jefo ta daga kan mota kamar buhun masara, kada a bar ta cikin rufaffiyar mota a rana. Kada kuma a zauna a kanta ana shan taba.

Wurin ajiya

Tukunya tana son inuwa, da iska, da ƙasa mai daidai marar laima. A ɗora ta kan katako ko bulo domin kada gindin ya yi tsatsa da damina. Kullum a tsaye. In aka kwantar da ita, ruwan gas ne zai bi tiyo maimakon iska, wuta kuwa za ta yi tsalle fiye da ƙarfin murhu.

Kada a ajiye ta a ɗakin kwana. Kada a ajiye ta kusa da murhun itace, ko risho, ko janareto, ko jarkar fetur. A nisanta ta daga rami da kwata da bakin rijiya. In madafa ta gini ce, abin da ya fi kyau shi ne a yi wa tukunyar 'yar rumfa a waje, a huda bango tiyo ya shiga. A kuma bar kafa a ƙasan bango ko ƙasan ƙofa, domin gas ɗin da ya tsiyaye ya sami mafita. Taga ta sama ba ta fitar da abin da ke kwance a ƙasa.

Murhun gashi kuwa a waje kaɗai ake aiki da shi. A kafa shi aƙalla mita 3, watau wajen ƙafa goma, daga jinka, da zana, da rumbu, da tarin kara ko harawa. Da rani, lokacin da kome ya bushe iskar hunturu kuma na kaɗawa, a ƙara nisa. Ko ruwan sama ya sauko, kada a ja shi cikin ɗaki ko shago.

Gwajin ruwan sabulu

Duk lokacin da aka kawo sabuwar cika, a yi wannan gwaji kafin a kunna. Ba ya cin minti biyar.

1. A tabbata makunnan murhu duka a rufe suke, babu kuma wuta ko fitila kusa.
2. A duba 'yar baƙar robar da ke cikin bakin tukunya. In ta tsage ko babu ita, kada a ɗaura.
3. A ɗaura regileta ta zauna daram. A ɗan ja ta sama a gani ko za ta fita.
4. A kaɗa sabulu cikin ruwa ya yi kumfa, a shafa a bakin tukunya, da regileta, da tiyo daga farko har ƙarshe, da inda ya haɗu da murhu.
5. A buɗe tukunya a hankali, a zuba ido. Inda kumfa ke tasowa tana girma, nan gas yake fita.
6. In an ga haka, a rufe tukunya, a ƙara ɗaure wurin, a sake gwadawa. In bai daina ba, a sake kayan. In daga bakin tukunyar ne, a fitar da ita fili a mayar wa mai cikawa.

Mun ji akwai masu neman yoyo da ashana, wai in ya kama sun gane wurin. Kada kowa ya yi haka, kada kuma ya tsaya kusa da mai yi.

Kunnawa

Ka'idar ita ce wuta tukuna, gas daga baya. Ashana ta jira gas, kada gas ya jira ashana.

Ga murhun girki: a fara shinshina madafa, musamman da asuba bayan ta kwana a rufe. A sunkuya, gama ƙasa yake. In babu wari, a buɗe ƙofa, a buɗe tukunya, a ƙyasta ashana a kai ta gefen kan murhu, sa'an nan a murɗa makunni kaɗan. In ta kama sai a ƙara. Doguwar laita ta fi ashana, domin hannu yana nesa. In murhun mai kunna kansa ne, a danna a murɗa, a duba da ido cewa wuta ta kama kewaye duka kafin a ɗora tukunyar girki.

Ga murhun gashi mai murfi: abu na fari, a ɗaga murfin. Wanda ya buɗe gas murfi na rufe, ya tara gas cikin akwati ne, in ya ƙyasta murfin zai iya tashi ya same shi a fuska. Bayan an ɗaga, a buɗe tukunya a hankali, a kunna kai ɗaya tak, in ya kama sai a bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Kada a leƙa da fuska. A tsaya a gefe, a miƙa hannu.

In aka ƙirga ɗaya zuwa biyar wuta ba ta kama ba, a rufe makunni, a bar murfi a buɗe, a dakata minti biyar cur kafin a sake. Haka nan in iska ta hure wutar, ko miya ta tafaso ta kashe ta. Mun san minti biyar yana da tsawo ga mai baƙi a zaure, amma jinyar ƙuna ta fi shi tsawo.

Lokacin aiki

Wutar gas mai kyau shuɗiya ce, tana ci daidai kewaye da kan murhu ba tare da ƙara mai yawa ba. In ta koma rawaya ko ja, tana kuma baƙanta gindin tukunyar girki, to, iska ba ta isa gas ɗin ba, ko ƙofofin sun toshe. Irin wannan wuta tana ɓarnar gas, tana kuma fitar da wata iskar guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Alamunta ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da barci mai nauyi. Ita ce ke kashe masu kwana da janareto ko gawayi a ɗaki. Saboda haka kada a yi girki ƙofa da taga a rufe, kada kuma a kunna murhun gas domin jin ɗumi da hunturu.

Masu ƙaramar tukunya mai murhu a ka, ku lura da abu biyu. Babbar tukunyar girki mai faɗi tana mayar da zafi ƙasa kan tukunyar gas, tana kuma sa ta rinjaya. Tuƙin tuwo ma yana iya kifar da ita. A sauke tuwon ƙasa a tuƙa, sa'an nan a mayar ya turara. Girkin taro kuwa sai murhu mai ƙafafu na ƙasa, tukunyar gas tana nesa.

A wurare masu sanyi kamar tudun Jos da Mambila, da sassafe cikin hunturu wuta takan yi rauni ko da akwai gas, domin butan ba ya saurin komawa iska in ya ji sanyi. Kada a kai tukunya kusa da wuta domin ta ɗumama, kada a zuba mata tafasasshen ruwa, kada a kwantar da ita ko a kifa ta domin a tatse sauran. A yi haƙuri rana ta ɗaga.

Ga masu gashi, kitse shi ne babban mai jawo gobara. Yana ɗiga, yana taruwa cikin farantin da ke ƙasa, wata rana ya kama. A rage kitsen nama kafin a ɗora, kada a cika ragar maƙil, a bar gefe ɗaya da ƙaramar wuta inda za a janye nama in wuta ta taso. A kula kada tiyo ya taɓa jikin murhu mai zafi, ko kitse ya riƙa ɗiga a kansa. A raba faranti da wuƙar ɗanyen nama da na gasasshe. Kaza kuma a tsaga wajen cinya a gani, in da sauran ja a jikin ƙashi ba ta gasu ba.

A ɗaure gyale da bakin zane kafin a matso, masu babbar riga su naɗe hannu. Tufafin leda suna narkewa su manne a fata. Yara da awaki da kaji su yi nisa. Kada a bar wuta tana ci a tafi rijiya ko maƙwabta.

Kashewa

A fara rufe tukunya, a bar gas ɗin da ke cikin tiyo ya ci ya ƙare, wuta ta mutu da kanta, sa'an nan a rufe makunnin murhu. Ta haka tiyo ba ya kwana da gas a ciki, ko ɓera ya ci shi da dare babu abin da zai fita. Ya zama aikin mutum ɗaya a gida ya duba tukunya kowane dare, kamar yadda ake duba ƙofar garke.

Tsabta da gyara

Murhu a ƙauye yana da abokan gaba da na birni bai sani ba sosai. Zanzaro yana son bututun da ke kai gas zuwa kan murhu, yakan gina ɗakinsa na laka a ciki. Gizo-gizo yana saƙa a ciki, kyankyasai suna ɓuya, ƙurar hunturu tana toshe ƙofofi. In bututun ya toshe, gas yakan komo baya ya kama wuta wajen makunni, inda hannu yake. Wannan ya fi faruwa ga murhun gashi da aka ajiye wata da watanni ba a taɓa ba, sai ran biki a jawo shi a kunna.

Saboda haka kowane mako a cire kan murhu bayan ya huce, a wanke, a bi ƙofofin da tsinke ko tsohon buroshin haƙori, a shanya ya bushe sarai kafin a mayar. 'Yar ƙaramar kafar da gas ke fitowa, kada a faɗaɗa ta da ƙusa wai domin wuta ta ƙaru. Girmanta an auna shi ne. Kowane wata a leƙa bututu a zare abin da ke ciki.

Ragar gashi a kankare ta tun da sauran ɗumi. In da buroshin waya aka goge, a bi da jiƙaƙƙen tsumma, gama silin waya yana iya maƙalewa ya shiga nama, mai ci ya haɗiye. Farantin kitse a zubar a wanke bayan kowane aiki. In an gama, a rufe murhun da buhu ko tabarma bayan ya huce.

Tiyo a riƙa lanƙwasa shi a duba. In ya yi tauri, ko ya fara tsagewa, ko akwai haƙoran ɓera, a sake nan da nan. Shawararmu ita ce a sake tiyo kowace shekara 2, regileta kuma kowace shekara 5, ko da ba a ga aibu ba. Regileta da bakin tukunya ba a kwance su a gida, ba a kuma kai su wurin mai walda ko mai gyaran babur. In sun lalace sai sabo.

In an ji warin gas

Kada a ƙyasta ashana. Kada a kunna ko a kashe wutar lantarki, ko tocila, ko waya a cikin ɗakin, gama makunni yana yin ɗan tartsatsi. Kada a tada babur ko janareto kusa. A rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga duka, a fitar da kowa, a kashe wutar itace da ke tsakar gida, a gaya wa maƙwabta su kashe tasu. In tukunyar ba ta daina fitar da gas ba, a ɗauke ta a tsaye zuwa fili nesa da gidaje. A kula kada ruwan gas ya taɓa fata, domin tsananin sanyinsa yana ƙuna. Kada a koma ciki sai wari ya tafi sarai, har a ƙasa.

In wuta ta tashi

In a tiyo ne ko kan murhu, kuma hannu zai kai bakin tukunya, a naɗe hannu da jiƙaƙƙen tsumma a rufe. Da gas ya yanke wutar za ta mutu. In mai ne ya kama a kasko, a rufe gas, a kifa murfi a kai. Kada a zuba ruwa, gama ruwa yana watsa mai mai ci ko'ina. In kitse ne a murhun gashi, a rufe gas, a rufe murfi, a ja da baya. Bokitin yashi ya zauna kusa kullum.

Amma in wuta ta riga ta kewaye tukunyar kanta, ko jinka ta kama, kada a tsaya ceton kaya. Tukunyar da ke gasuwa cikin wuta tana iya fashewa ta jefa ƙarfe nesa. A kwashe mutane a yi nisa sosai, a hana 'yan kallo matsowa, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112.

Wanda tufafinsa suka kama kada ya gudu. Ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Wurin ƙuna a riƙa zuba masa ruwa mai tsabta mai sanyi har minti 20. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Kada a shafa ƙwai, ko manja, ko man goge baki, ko baƙin mai, ko kashin shanu. Kada a fasa bororo, kada a ɓamɓare tufar da ta manne. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a kai asibiti, musamman in yaro ne, ko ƙunar ta fi tafin hannu faɗi, ko a fuska take.

Abin da ƙungiya za ta yi

Muna roƙon kowace ƙungiya ta sa wannan magana cikin taronta na gaba. A kawo tukunya da murhu a fili, a yi gwajin sabulu kowa yana gani, kowa kuma ya kunna ya kashe da hannunsa. A tabbata mata da 'yan mata sun zo, gama su ne ke tsaye a kan murhu safe da yamma, ko da yake sau da yawa maza ne ke sayowa.

A zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su zama masu lura da kayan gas. Magatakarda ya buɗe shafi cikin littafin ƙungiya, ya rubuta shekarar kowace tukunya da ranar da aka sa kowane tiyo. In ƙungiya ta sayi tiyo da maɗaurai da 'yan robobi da yawa gaba ɗaya daga amintaccen wuri, kowa zai samu da sauƙi, ba wanda zai ɗaure tsohon tiyo da leda domin gari ya yi nisa. Sikelin ƙungiya kuma ya zama a buɗe ga duk wanda ya kawo sabuwar cika.

Uwargidan nan da muka ambata hannunta ya warke. Da muka koma ƙauyen, mun tarar ta rataye ashana da igiya a jikin ginshiƙin rumfa, kusa da murhu, ita ce kuma ta nuna wa sauran mata gwajin sabulu. Ƙungiyar da ke son mu zo mu yi wannan gwaji tare da ita, sai ta aiko ta hannun magatakardanta, mu sa ta cikin rangadi na gaba.